Ranar da Na Kira 'Yar Fari a Kan Teku

Tun ranar da Likita, uwar ɗakina, ta ce za mu shiga jirgin ruwa hankalina bai kwanta ba. Mako uku na yi da abu ɗaya a raina, da shi nake tuƙa tuwo, da shi nake wanki: idan yarinyar nan ta ruga bakin jirgin, da me zan tsayar da ita?

Ruwan ma ina tsoronsa, ba zan ɓoye ba. Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Damagaram, ruwan da na sani na rijiya ne, sai na tafkin bayan gari wanda kan ƙafe kafin a gama sussuka. Amma ba shi ne ya fi tsaya mini ba. 'Yata ta fari, mai shekara biyar, ba ta juyowa idan na kira ta. Kuma ba laifinta ba ne. Ban taɓa kiran ta da sunanta ba.

Kun san dai yadda abin yake. Ita abu biyu ne ma suka haɗu a kanta. Ga ta 'yar fari, ga shi sunan surukata aka sa mata, mahaifiyar maigidana, kuma tana nan da ranta. Ubanta yana ce mata Uwata. Ni ba zan ce haka ba, wannan nasa ne. Lakabin da kaka ko goggo kan raɗa wa yaro kuwa babu wanda ya raɗa, don a Riyad aka haife ta, daga ni sai shi a ɗakin. Sai na tsaya a kan "ke". Ke, zo ki ci. Ke, ina takalminki. In ina zancenta da wani in ce yarinyar nan. Ƙanwarta kuwa da nake goyo, sunanta ya fi sau ɗari a bakina kafin rana ta faɗi.

Ni ma 'yar fari ce. Har na bar gida ban ji sunana a bakin Inna ba, kuma ban taɓa jin zafin haka ba. Kakata ta kira sunan nan har ya tsufa a bakinta. Goggona ta kira, matan baffannina sun kira, mai kawo mana nono ma ta san shi. Inna takan turo mini ƙanzon tukunya da gefen hannu ba tare da ta dube ni ba, ni kuma in gane abin da take nufi. Na ɗauka kowane yaro da wannan ganewar ake haihuwarsa.

Ɗakinmu yana Al-Aziziya, kusa da babbar kasuwar kayan lambu inda maigida yake tuƙa motar dakon kaya. Ni kuma ina aiki a Al-Nasiriya, gidan wata likitar mata 'yar Kano, mijinta injiniya ne, suna da tagwaye mata masu shekara shida. Ina yi musu girkin gida, tuwo da miyar kuka da dambu, in kula da yaran in sun dawo makaranta. Ta yarda ina zuwa da nawa biyun. A gidan ne yarinyar take jin sunanta, a bakin Likita da na tagwaye. A can kuma ta kwashi Larabci har ya fi Hausarta ƙwari.

Wata Juma'a da la'asar mun je lambun da ke gefen gidan tarihi a Al-Murabba, ƙwallonta ya gangara wajen titi, ta bi shi da gudu. Na miƙe ina "Ke! Ke!" Wasu Hausawa mata biyu da ke zaune a kan tabarma suka waiwayo, ita ko alama. Sai da ubanta ya ɗaga murya ya ce "Uwata!" ta tsaya cak. Abin ya wuce, har muka sayi masara muka ci. Amma da Likita ta ce sun yanki tikitin hutun kwana huɗu a Bahar Maliya, kuma tana so in bi su saboda tagwaye, in taho da nawa, ranar Juma'ar nan ce ta fara faɗo mini. A cikin jirgi babu ubanta.

Dabarar da na yi ita ce na sayi yadi rawaya, irin mai ɗaukar ido, na kai aka ɗinka mata riguna uku iri ɗaya. Na ce ko ba ta ji ni ba, ni zan gan ta. Da ta gwada ta fito, maigida ya ajiye kofin shayinsa.

"Kin mai da mini uwa ayaba," ya ce. "Kada dai ki bi da ita ta kasuwarmu, wani ya saka ta a kwali."

"Kai wasa kake gani. Ruwa ne fa ko'ina."

"Jirgin da masu kuɗi ke shiga da 'ya'yansu? Kina zaton ba su yi masa katanga ba?"

"In ta hau katangar fa?"

"Sai ki yi mata tsawa."

Ban ce masa da wane suna ba. Shi ma bai tambaya ba.

Jirgin sama muka hau zuwa Jidda. A tashar jirgin ruwa aka duba iƙamarmu, wato katin izinin zama, aka ɗauki hoton kowa, har jaririyar, aka miƙa wa kowane babba kati. Likita ta ce in rataya nawa a wuya, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidata, in babu shi ni ba kowa ba ce a ciki. Na yi ta waige ina neman jirgin. Ashe dogon farin ginin da ya tare mana rana, wanda na ɗauka otal ne, shi ne jirgin.

Ban san yadda zan kwatanta muku cikinsa ba. Unguwa ce guda aka ɗora a kan ruwa. Akwai titi mai kantuna hagu da dama, rufinsa yana sauya launi. Akwai lif na gilashi, kana hawa kana kallon kawunan mutane suna ƙanƙancewa. Ƙasa duk darduma ce mai laushi, ba ka jin takun kowa, abin da ya ƙara tayar mini da hankali ke nan, don a gida da ƙarar silifas ɗinta nake sanin inda yarinyar take. A can sama kuma sun haƙa tafkin wanka. Na daɗe ina kallon wannan. Mutane sun baro ƙasa sun zo tsakiyar ruwa, sun kuma zuba wani ruwan a kwano suna iyo a ciki.

Kafin jirgi ya tashi aka busa ƙaho, aka tara mu rukuni-rukuni, aka nuna mana yadda ake ɗaura rigar ceto mai ruwan lemo. Mutane suna dariya suna ɗaukar hoto. Ni kaɗai nake bin hannun mai nunawar da ido kamar zan haɗiye shi. Da ya gama na ɗaura wa yarinyar tata, na kwance, na sake ɗaurawa, har sau uku, sai da ta ce, "Halas, ya isa, Mama, ta shaƙe ni."

Ɗakin su Likita yana da baranda mai kallon teku. Namu yana fuskantar nasu, ba shi da taga, na kuwa gode wa Allah da haka. Alƙibla ce ta ba ni wuya. A talabijin ɗin ɗaki akwai wata kibiya da ke nunawa, in ka yi azahar kana kallon ƙofa, da la'asar sai ka ga ta koma wajen banɗaki. Wani ma'aikaci ɗan Indiya ne ke gyara ɗakunan layinmu. Tun da nake babu wanda ya taɓa gyara mini shimfiɗa, don haka kafin ya ƙwanƙwasa na riga na gyara, na share, na wanke kofuna. Ya shigo ya duba, ya rasa abin yi, sai ya naɗe tawul ya yi siffar giwa ya ajiye a kan gado. A wajen cin abinci ma haka. Ina gama ci na miƙe da farantina ina neman wurin wanke-wanke, Likita ta jawo gefen hijabina.

"Ƙanwata, zauna. A nan ke ma baƙuwa ce."

Na zauna, amma idona yana kan masu kwashe farantan. Fuskarsu murmushi, tsayuwarsu kuwa na san ta. Wanda ya yini a tsaye yakan jingina nauyinsa a ƙafa ɗaya, ya ɗan ɗaga ɗayar a ɓoye.

Bakin jirgin da na yi mako uku ina tsoro, da na je na gan shi, gilashi ne mai kauri wanda ya fi kan yarinyar tsawo, babu wurin taka ƙafa. Maigida ya yi gaskiya. Tekun kuma, duk da Larabawa Jan Teku suke ce masa, ba ja ba ne, shuɗi ne kamar an juye baba a tukunyar rini. Na ɗan saki jiki. Na ce a raina ashe wahalar banza na yi.

A hawa na sama akwai ɗakin wasan yara, mai bangon gilashi da 'yar ƙaramar ƙofa wadda ba ta buɗuwa sai ma'aikaciya ta danna. Likita ce ta rubuta yaran ranar farko, tagwaye da tawa, duk a ƙarƙashin katinta, aka ɗaura wa kowace zobe na roba a hannu. Ni ina gefe ina jijjiga jaririya, ban kula da abin da ake rubutawa ba.

Rana ta biyu da hantsi Likita ta tafi wajen tausa, Injiniya yana wani wuri da abokansa. Ta ce in ɗauko yaran kafin azahar mu haɗu wajen abinci.

Ma'aikaciyar ƙofar 'yar Filifin ce, mai fara'a, Larabcinta na kasuwa irin nawa. Ta ɗora katina a kan na'ura, na'urar ta yi ƙara. Ta sake, ta sake yin ƙara.

"Mafi mushkila," ta ce, wato babu damuwa. "Ba sunanki ke kan yaran ba, na madam ne. Faɗa mini sunayensu, in kira ta a waya ta ba da izini."

Na faɗi na tagwaye a take. Ta duba allonta ta gyaɗa kai.

"Ta ukun fa?"

Na nuna ta cikin gilashi. "Waccan mai rawaya. Tawa ce. Binti," na ƙara da Larabci, wato 'yata.

"Taki ce? Masha Allah. Sunanta?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan yana nan a kan harshena, ina jin nauyinsa, amma kamar an ce in tuɓe ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Fuskar surukata ce ta tsaya mini, zaune a kan tabarmarta tana jan carbi. A bayana mata sun fara taruwa, wata tana kaɗa katinta a tafin hannu.

"Mai rawayar," na sake cewa.

Ma'aikaciyar ta dube ni, ta dubi goyona, ta dubi hijabina na aiki. Ban ga laifinta ba. An ba ta amanar 'ya'yan mutane, ga wata mata ta zo ta ce 'yarta ce, an tambaye ta suna ta yi shiru. Ni ma da ni ce ba zan buɗe ba.

Yarinyar ta riga ta hango ni, ta taho bakin ƙofa riƙe da wata hular takarda da suka yi, mai kyalkyali. Matar ta durƙusa daidai tsawonta.

"Habibti," ta ce, wato abar ƙaunata, "wannan mamarki ce?"

Ta ɗago ta dube ni. Ba kallon fushi ba ne. Irin kallon da take yi wa abin da ta daɗe da sani ne. Ta amsa da Larabcinta mai kyau, wanda ya fi na mu biyun.

"Ita ce. Amma ba ta san sunana ba. Na ƙanwata kawai ta sani."

Wata daga cikin matan da ke bayana ta yi 'yar dariya, ta ɗauka shirmen yara ne. Ma'aikaciyar ta miƙe ta ce in yi haƙuri, sai dai madam ta zo da kanta.

Ban san yadda na sami wajen tausar ba. Na bi dogayen lungunan nan masu darduma, ƙofofi duk iri ɗaya, na hau lif ya kai ni inda ban nufa ba, na sauka na sake hawa. Jaririya ta farka tana kuka ban ma jijjiga ta ba. Likita ta fito da tawul naɗe a kai da silifas ɗin wurin, ta biyo ni ba ta tambayi komai ba. A bakin ƙofa ta jero sunaye uku kamar tana kiran awo, aka danna, ƙofa ta buɗe. Yarinyar ta wuce ni ta kama hannun ɗaya daga cikin tagwaye.

Wajen abincin rana babu abin da babu. Tebura sun kai tsawon layinmu na Al-Aziziya, ga kifi, ga naman rago, ga shinkafa kala-kala, ga kankana an sassaƙa ta kamar fure. Ba abin da ya wuce mini. Yarinyar ta zauna can tsakanin tagwaye, ta ɗora hular takardarta a gefe, tana tsakurar dankali. Da suka tashi ɗebo askirim, na gaya wa Likita abin da ya faru.

"Haba ƙanwata," ta ce. "Ai da kin faɗa kawai. Surukarki tana Damagaram, mu muna tsakiyar teku. Wa zai ji?"

"Ni zan ji, Hajiya."

"Wannan fa ba addini ba ne. Al'ada ce."

"Na sani." Sannan na ce, "Hajiya, don Allah ya sunan Injiniya?"

Ta dube ni, ta fashe da dariya har ruwa ya sarƙe ta. "Allah ya shirye ki! Ashe haka kike? To na ji, ban taɓa faɗa ba. Ko a wajen aiki aka tambaye ni, biro nake karɓa in rubuta."

Sai a lokacin abin ya zo mini. Da na karɓi biro. Karatuna bai yi nisa ba, amma zan iya rubuta sunan nan, na sha kallonsa a takardar haihuwarta. Da an kira Likita a waya, da ƙofa ta buɗe, da babu wanda ya yi dariya. Na fara cizon yatsa, sai kuma na tsaya. Da na rubuta, da har yau ban ji abin da yarinyar ta faɗa ba. Da tana nan tana ɗauke da shi, ni kuma ina ɗinka mata riguna rawaya.

Likita ta goge idonta ta daina dariya. "Amma shi babba ne," ta ce. "Ya san dalili. Ita fa, wa ya gaya mata?"

Babu wanda ya gaya mata. Ni ma babu wanda ya zaunar da ni ya gaya mini, amma ni na tashi ina ganin kowace uwa a garinmu tana yi wa ɗan farinta haka. Na ga yadda ƙawayena suke da iyayensu, na ga har dariya ake yi wa wadda ta rungumi ɗan fari a gaban mutane. Ita kuwa me ta gani? Ta ga Likita tana kiran tagwaye da sunansu tana ƙarawa da habibti. Ta ga matan Larabawa a lambu suna ƙwala wa 'ya'yansu kira. Ta ga ni da ƙanwarta. Kunyar nan a gida mai mutum ashirin aka yi ta, inda in uwa ta kame bakinta akwai bakuna goma da za su kira. Ni na ɗauko ta na kawo ɗaki ɗaya a Riyad, ban ɗauko kakar ba, ban ɗauko goggon ba.

Bayan la'asar tagwaye suka tafi iyo da ubansu. Na goya ƙaramar, na miƙa wa babbar hannu. Ta dubi hannun, sannan ta kama. Muka bi gefen jirgin har can bayansa, inda babu kowa sai wani tsoho Bature yana barci a kujera da littafi a kan ƙirji. A nan ake ganin sawun jirgin, fari fat, ya miƙe a kan shuɗin ruwan kamar hanyar mota. Babu ƙasa ta kowane gefe. Iska tana ta fizgar hijabina.

Na durƙusa kamar yadda 'yar Filifin ɗin nan ta yi. Na lura ban saba ganin fuskarta daga nan ba, kullum daga sama nake ganin tsakar kanta.

"Ke," na fara, sai na ji kalmar ta yi mini ɗaci. Na ce, "Na san sunanki."

Ta ci gaba da kallon ruwa.

"Tun kafin a yanka ragon suna na san shi. Babanki ya raɗa miki a kunne, kina kan cinyata."

"To faɗi."

"Sunan kakarki ne, mahaifiyar Baba. A garinmu ba a faɗin sunan babba haka. Kuma ke ce ta farko. Ta farko ana jin kunyarta."

"Na yi laifi ne?"

"A'a. Ba irin wannan kunyar ba."

Ta juya ta dubi hagu, ta dubi dama, ta leƙa bayan kujerar Baturen. "Kaka tana nan?"

"Ba ta nan."

"To faɗi, Mama."

Na ce a raina, Allah ka san ba raini ba ne. Na faɗa. Ya fito ƙasa-ƙasa, iska ta tafi da shi.

"Ban ji ba."

Na sake faɗa, a fili. Gajeren suna ne, amma sai da na ji gumi a bayana a cikin iskar nan. Shekara biyar yana cikin bakina, ban san haka yake da daɗin faɗa ba.

Ba ta rungume ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗan karkata kai tana saurare, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

"Kin faɗe shi irin na mutanen waya," ta ce, tana nufin danginmu na gida in an kira. "Ba irin na 'yan jirgi ba." Sannan ta gyara tsayuwa ta ce, "Na'am."

Ta saki hannuna. "Tsaya nan. In na yi nisa ki kira ni."

Kafin in ce wani abu ta zura da gudu a gefen gilashin nan, rigar rawaya tana kaɗawa, daidai hoton da na yi mako uku ina gani a raina. Na ɗaga murya na kira ta da ƙarfina duka, har Baturen ya farka littafinsa ya zame.

Ta tsaya cak. Ta juyo tana dariya.

Sau shida muka yi wannan wasan, har ƙanwarta ta fara tsalle a bayana tana gwaranci kamar mai kwaikwayon sunan.

Washegari Likita ta sa aka haɗa katina da yaran. Da na je ɗaukar su na'urar ba ta yi ƙara ba, ma'aikaciyar ta kai hannu za ta danna ƙofa ba tare da ta tambaye ni komai ba. Na ce ta dakata. Na faɗi na tagwaye, na faɗi na ukun. Ta yi murmushi ta ce, "Yau kin tuna." Na ce eh, na tuna. Ban san ta inda zan fara yi mata bayani ba.

Sauran kwanakin na ga abubuwa. An tsaya a wani tsibiri mai farin yashi, na tsoma ƙafata a teku, na ɗanɗana na tofar. Na ga kifaye manya suna tsalle a gefen jirgi da safe. Ɗan Indiyan nan ya yi mana biri da tawul, ya rataye shi a jikin fitila. In mutane suka tambaye ni yaya jirgin masu kuɗi yake, waɗannan nake ba su labari, don su suke so su ji.

Mun dawo Riyad da kwana biyu, ina tsakar wanke shinkafa, na kira ta ta miƙo mini matsami. Na manta maigida yana ɗakin. Na ji ya daina motsi. Ni ma na daina. Ruwa yana ta zuba a kan shinkafar ban rufe famfo ba. Ya tashi ya sa takalmi ya fita.

Bai daɗe ba ya dawo da ledar lemo. Yarinyar ce ta tare shi a ƙofa ta ba shi labarin duka, da ƙofar gilashi, da hular takarda, da abin da ta gaya wa matar. Ya zauna yana ɓare lemo, ya dube ni.

"Haka ta ce? Ba ki san sunanta ba?"

"Haka ta ce."

Ya miƙa wa yarinyar ɓari ɗaya, ya miƙo mini ɗaya. "To," ya ce. "Ki dai riƙa rage murya in ina waya da Tsohuwa."

Har yanzu ban gaya wa Inna ba. Na san abin da za ta ce, za ta ce zaman waje ya cinye mini kunya, kuma ba zan iya ce mata ƙarya take yi ba. Wani abu ya fita daga hannuna a bayan jirgin nan, abin da Inna ta riƙe, kakata ta riƙe. Wani lokaci in na kira sunan sai in ji kamar na taka tabarmar surukata da takalmi. In mun koma gida ban san yadda zan yi ba. Wataƙila bakina ya sake rufewa da kansa, kuma a can ba komai, akwai masu kira. Kun ga ko a takardar nan ban iya rubuta shi ba. Amma a ɗakinmu ina kira, tana amsawa, ta kuma daina zama can nesa da ni wajen cin abinci.

Roƙona gare ku ɗaya ne, ku da kuke zaune nesa da gida kamar mu. In kun haɗu da mace da 'ya'yanta a lambu ko a bakin masallaci, kuka ji tana ce wa babban "kai" ko "ke", kada ku yi mata dariya, kada kuma ku yi mata wa'azi. Ku durƙusa ku tambayi yaron sunansa, ku kira shi da shi, da bakin Hausa, a gaban uwarsa. Ku ce masa ita ma ta sani.